Fas ɗin da Babu Sunan Bara'atu

A Ƙauran Namoda layin dogo ya ƙare. Daga nan babu gaba, sai dai jirgi ya juya. Malam Sodangi a wannan tasha ya ƙarar da ƙarfinsa yana juya wa jirage layi, tun zamanin da buhunan gyaɗa da auduga ke cika taragu har lokacin da ciyawa ta fara rufe ƙarfen. Ɗan manoman gero ne daga Badarawa ta ƙasar Shinkafi. Bai yi boko ba, amma in ya fara jero maka tashoshi daga Ƙaura zuwa Ikko sai ka rantse shi ya shimfiɗa hanyar. Alhali sau ɗaya ya taɓa bin ta, kuma wannan tafiyar ce ta hana shi sakat har tsufa.

Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da, har ma ya zarce su. 'Yarsa ta fari sunanta Bara'atu, amma ba a taɓa jin sunan a bakinsa ba. Kowa ya san al'adar, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, sai dai wasu kan saki jiki a hankali. Shi kam ya riƙe abin tamkar farilla. Da aka yaye yarinyar, kakarta ta ɗauke ta zuwa ƙauye, sai ya samu mafita, ya riƙa ce mata ta Badarawa.

Shekarar da ya samu dogon hutu aka ce ya je ofis a rubuta masa fas, takardar da ma'aikaci da iyalinsa ke shiga jirgi da ita kyauta, zuwa da dawowa. Sodangi ya ce ai tunda kyauta ce, sai inda ƙasa ta ƙare, zai kai iyalinsa Ikko su ga teku. Ya aika Badarawa a kawo yarinyar. Akawu ya tambaye shi sunayen waɗanda za su tafi. Ya faɗi na matarsa Tabawa da ƙyar, ya faɗi na ƙananan 'ya'yansa, Hafizu da Asabe, sai harshe ya yi masa nauyi. Akawu ya ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan. A lissafinsa abin mai sauƙi ne, gad ɗin jirgin da za su shiga, wato mai duba fas da ɗaga tutar tashi, Mamuda ne, taubashinsa, ɗan kawunsa, kuma shi zai ƙara sunan da alƙalaminsa ba sai an faɗa masa ba.

Abin da ya manta shi ne, taubashi ba ya barin irin wannan dama ta wuce.

Ranar tafiya an yi wa Bara'atu kitso, an sa mata lalle, an ɗaura mata sabon zane. Ba ta wuce shekara tara ba. Iyayen Sodangi duka sun yo rakiya, ga abokan aiki tsaye. Mamuda ya karɓi fas, ya duba, ya dubi yarinyar, ya ce shi fa bai ga wannan a takarda ba. Ya zaro alƙalami yana murmushi.

"Hwaɗi sunanta da bakinka, Sodangi, in rubuta. Ni ban san ta ba."

Aka bushe da dariya. Kakar ta faɗi sunan, Mamuda ya ce ai ba ita ce mai fas ba. Sodangi ya dubi mahaifinsa, ya sunkuyar da kai. Wasan ya yi tsawo, har aka busa usur. Tsohuwa ta ji haushin yadda ake wasa da ɗanta a gaban jama'a, ta fizgo hannun jikarta ta ce a bar mata abarta, baɗi a je da ita. Sodangi, don dai a daina kallonsa, ya ce to, ta zauna. Mamuda ya ɗauka duk cikin raha ne, ya ruga ya ɗaga tuta. Sai da jirgi ya fice daga tasha ya zo tarago da alƙalaminsa, ya tarar babu yarinyar.

Sodangi ya ga teku. In an tambaye shi yadda take, sai ya ce ruwa ne da yawa. Abin da ya gani sosai a tafiyar nan shi ne yarinya tsaye a bakin dogo da ƙullin kayanta a ka, ba ta ko kuka, tana dai kallonsa.

Baɗin da aka ce bai zo ba. Wata shekara babu hutu, wata shekara Tabawa na da ciki, daga baya jirgin fasinja ya riƙa yin nawa har ya daina zuwa. Bara'atu ta girma, ta yi aure a Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi, ta haihu, har ta yi jikoki. Sunanta a bakin uban ya koma ta Birnin Tsaba.

Bayan ya yi ritaya, Tabawa kuma ta rasu, sai shirin tafiya ya zama masa sana'a. Duk sanda aka ji raɗe-raɗin za a gyara dogo, Sodangi ne farkon zuwa tasha ya zauna a inuwa. An taɓa ce masa in jirgi ya dawo za a ba tsofaffin ma'aikata fas, shi kuwa ya kama maganar bai sake ta ba. Ya tsara komai a kansa. Za su wuce Gusau da Funtuwa, su sauka Zariya su canza jirgi. Zai zaunar da ita bakin taga saboda gadar Jebba, inda ake tsallaka kogin Kwara. Guzuri kilishi da dakuwa, ban da fura don tana tsami a hanya. Masu shayin bakin tasha har sun haddace, in sun hango shi sai su ce Baba, yau mun kai Minna ko muna Kaduna? Yakan yi dariya tare da su, amma shi ba wasa yake ba.

Wata sallah Bara'atu ta zo gaishe shi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ya kau da kai gefe kamar kullum, ya fara zayyana mata tashoshi. Ta bari har ya kai Ikko.

"Baba, ni ba teku ad damuwata ba," ta ce a hankali. "Da ka hwaɗa ran nan, ko jirgin ya tahi ya bar ni, ba komi."

Sunan ya zo masa har leɓe. Abin da ya fito shi ne Allah shi yi miki albarka. Bayan ta tafi ya ƙudurta a ransa cewa ranar karɓar fas zai tafi da ita ofis, ta tsaya kusa da shi, in akawu ya tambaya ya faɗa tana ji. Haka Sodangi yake, ko abin da zuciyarsa ke so sai ya nemo masa dalilin aiki. Ga waya a aljihunsa, ga Birnin Tsaba ba nisa, amma shi jirgi yake jira.

Da daminar bara zazzaɓi ya kama Bara'atu, kwanaki kaɗan ta cika. Hanyar Zurmi ta zama sai da addu'a, kafin Hafizu ya samo motar da za ta kai tsohon an riga an kai mamaciyar makwancinta. Ya zauna zaman makoki yana karɓar gaisuwa, kowa na cewa Allah ya ji ƙanta, babu wanda ya buƙaci suna.

Da ya dawo Ƙaura, ƙafarsa ta kai shi tasha da hantsi ba tare da ya yi niyya ba. Ya tarar da Mamuda zaune a inuwa, ya tsufa tukuf, kunne ya tafi, labari bai kai gare shi ba. Ya tambayi Sodangi ina ya shige kwana biyu. Sodangi ya ce rasuwa aka yi masa, ɗiyarsa.

"Wace ɗiya?"

Wannan karon babu alƙalami, babu murmushi, da gaske yake tambaya. Sodangi ya dubi dogon da ciyawa ta rufe.

"Bara'atu."

Mamuda ya kara hannu a kunne, ya matso. "Wa?"

Sodangi ya ɗaga murya ya sake faɗa, da ƙarfi, har awakin da ke kiwo a kan layi suka ɗago kai. Mamuda ya ji. Ya sauke hannunsa, ya yi salati, ya kasa kallon taubashinsa. Masu shayi suka shiga tambayar juna da ido wace ce Bara'atu.