Taɓarya, Hauya da Gora

A shekarar da lakwal ta fi zama a rufe, malamai suna yajin aiki, ina aji uku na kwaleji a Tawa, ba ni da aikin da ya wuce ɗebo ruwa da kwanciya a inuwar dogon yaro. Yayana ya tafi biɗar kuɗi Abijan kamar sauran samarin Adar. Da farko saƙonsa yana zuwa ta bakin masu dawowa, daga baya ya ɗauke. Ya bar akwati baƙi a ƙarƙashin gadon Inna, irin mai makullin lamba, da ƴan tayoyi uku da ake murzawa da babban yatsa.

Idon Inna ya fara yin hazo a lokacin. Wata rana da hantsi ta jawo akwatin zuwa tsakar gida.

"Auta, kai da ka yi boko, buɗe muna wanga abu a shanya tufafin, kar gara ta canye."

Ba gara ce damuwarta ba. Hoton Yaya yana ciki, wanda ya ɗauka a bakin kasuwa kafin ya tafi, kuma shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ce tana son ganin fuskarsa.

Na ce, "Inna, a kira maƙeri mana, bugu guda ya isa."

Ta ɗaga kai da sauri. "Akwatin wa ka taɓa ganin an ɓalle? Na mamaci aka ɓallewa, ran rabon gado. Shi ko tahiya ya yi."

Na tambaye ta ko ta san lambar. Ta ce ita ba ta san baƙin nasara ba, amma ta sha ganinsa yana murzawa. "Akwai guda tsaye kamar taɓarya, da guda kamar hauya, da mai ƙugu kamar gora. Wadda ag gaba da wadda ab baya, Allah masani."

Ɗaya, bakwai, takwas. Na koma inuwa na zana a ƙasa da tsinke. Gurbin farko, kowace cikin ukun tana iya zama. Na biyu, saura biyu. Na ƙarshe, wadda ta rage. Uku sau biyu, shida. Na jera su: 178, 187, 718, 781, 817, 871. Lambobi shida kacal, aikin da bai kai shan koko ba. Na dube su, na sa tafin ƙafa na share.

"Dubu ne, Inna," na ce mata. "Daga sifiri uku har tara uku. Sai an bi su guda guda."

"Dubu! Yaron ga bai bar mugun wasa ba. To zamna ka bi su, ruwa na aika a ɗebo."

Dubun nan gaskiya ce ga wanda bai san komai ba. Ni na sani. Na ji daɗin an raba ni da jarka da layin famfo, wannan kam ba zan ɓoye ba, Allah ya yafe mini. Amma akwai wani abin kuma. Idan na ɗora akwatin a cinya bayan azahar, zafi ya kwantar da unguwa, sai in ji kamar ina riƙe da garin da Yaya yake. Tayoyin suna ƙara ƙas, ƙas, ina ganin ruwan teku da ban taɓa gani ba, jiragen ruwa masu tsayin masallaci, Yaya yana tafe a gefen hanya da laima. Wani lokaci in kara kunne a jikin fatar akwatin, in rantse ina jin ruwan sama a ciki. Kowace lamba titi ce, ina shiga in fita ban same shi ba, gobe akwai wata. Idan na iso kusa da ɗaya cikin shidan nan, sai in tsallake ta kamar mai tsallake rijiya.

Inna takan zauna nesa kaɗan tana tsince wake. "Ka kai nawa?"

"Ɗari biyu da wani abu."

"Madalla. Bi a hankali, kar ka ƙetare ta."

Haka rani ya wuce, damina ta sauka, aka yi girbi. Wata safiya na fito na tarar da ita tana gaida turmi, ta ɗauka maƙwabciya ce ta shigo ta tsuguna. Har tana tambayarsa kwanan yara. Na shiga na ɗauko akwatin, na murza 178, na murza 187, 718, 781. A ta huɗun makullin ya ɗaga da ƴar ƙara.

Ba teku a ciki. Riguna biyu ne, da hula, da kwalbar turare da ta bushe, da hoton a cikin leda. Ƙamshin ya riga ni isa wurinta.

"Ta buɗe?"

"Ta buɗe, Inna."

"Kai, sannu da aiki, auta. Ka wahala."

Na sa mata hoton a hannu. Ta kai shi dab da ido, ta nisanta shi, ta juya wajen rana. Ta daɗe haka. Sannan ta shafa shi da yatsa, ta ce, kamar ba wani abu ba, "Wace riga ce ya sa?"

"Shuɗiyar nan mai aiki a wuya."

"Yana dariya?"

"Kaɗan."

"Haka yake, ba ya buɗe baki."

A kife take riƙe da shi, kan Yaya yana ƙasa. Na kama gefen ledar a hankali na juya mata shi daidai, ta bar ni na juya, ba ta tambayi dalili ba.