Farin da Kawu Lado Yake Gani

A bakin Gwaggo na fara jin sunansa, ina 'yar shekara bakwai. Ɓera ya yi mata ɓarna a rumbu, ta ce, "A kai wa Lado, shi ka kiwonsu." Aka yi ta dariya. Daga baya na san ƙanin mahaifiyata ne, kuma shekara ashirin da shida ya yi yana kula da fararen ɓeraye a ɗakin bincike na wata jami'a.

Da ya yi ritaya ya dawo Moriki, ni kaɗai ke zama in saurare shi. Ya ce malaman sukan toshe jijiyar jini a wuyan ɓera, sannan a yanka ƙwaƙwalwar a tsoma a wani ruwa. Inda ke da rai ya yi ja, inda ya mutu ya fito fari fat.

"Tsakiyar wurin, nan take take mutuwa, Salima. Gefen kuwa jira yake, ko jini zai dawo. In an daɗe ba a buɗe jijiyar ba, farin ya yi ta ci."

Shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara, wata safiya kofin koko ya suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta tafi. Na ce a nemo mota a kai shi Gusau. Gwaggo ta ce, "Ke rufa mana baki! Ciwon ga ba ya son allura. Kuma wa ka fidda mutum daga gida babu izinin yayansa?" Yayan, Alhaji Rufa'i, yana Shinkafi, ba hanyar kiransa. Aka kawo turare da rubutu. Kawu yana kwance, idonsa ɗaya na kan agogon bango, ɗayan yana zubar hawaye.

Sai kwana na uku Alhaji ya iso, ya ce a tafi. Likita ya duba hoton kai, ya tambaye mu inda muka tsaya har kwana uku.

Shekara biyu ya ƙara a duniya bai furta kalma ba. A wajen ta'aziyya kowa cewa yake an yi iya ƙoƙari. Ni ban ce ba. Don wata rana muna ɓarar gyaɗa ya taɓa ce mini, "Ɗiyata, in kin ga bakina ya goce, kada ki tsaya neman shawara. Ko a amalanke ne, ki fidda ni."