Inusa Tela a Bakin Tafki

Gardamar da Inusa ya sha kaye a cikinta, a kan kifi aka yi ta. Jikana ne, tela a Sabon Gari, mijina na wasa da bai taɓa ɗinka mini ko ɗankwali ba. Tun yana yaro ruwan da ya fi ƙarfin buta ba ya kusantarsa. In Gulbi ya kawo, ko biki ake a Tibiri da ke tsallaken ruwa sai ya ce ɗinki ya yi masa yawa.

Da sallar bana matarsa Salima ta ce a kai yara tafkin Madarumfa shan iska. Ya ce mutumin kirki ba ya da abin nema a ruwa. Ta ce, "To kifin da ka cinye jiya har da kai, a gonar gero aka nome shi?" Washegari muka kama hanya, har da ni.

A Jiratawa ya tsayar da mota ya sayi bido biyu, wato jarkoki rawaya irin na man gyaɗa, babu kome ciki. Muna isa, ga jama'a an baje tabarmi ana suyar kifi, masu kwalekwale na zagayawa da mutane. Fadila, 'yarsa guda tilo cikin maza, ta kafe sai ta shiga. Inusa ya ɗaure mata bidon nan a ƙirji da baya da igiyar wando. Samari suka yi ta ihu, "Ga mai man gyaɗa!"

Su Fadila sun yi nisa ke nan, mu muna bakin tafki, hadari ya taso daga gabas. Iska ta kwashe tabarmi, ruwan ya yi baƙi. Kwalekwale suka yi ta dawowa, ban da nasu. Inusa kuwa, wanda ba ya tsallake kwata sai da bismilla, sai ga shi cikin tafki har ƙugu da sabuwar shadda, yana kiran sunan yarinyar, iska na maido masa.

Can muka hango rawaya-rawaya na lilo: bido ne. Mai jirgin ya raɓe cikin ciyayi sai da iska ta lafa. Fadila ta sauko ko gefen zanenta bai jiƙe ba, uban ne ke ɗigar ruwa.

Da raina ya dawo, na ce, "Maigida, ka ba da maza! Mai sunanka, Annabi Yunusa, cikin kifi ya shiga ya fito lafiya lau."

Yana matse riga ya ce, "Tsohuwa, shi annabi ne, shi ya sa kifi ya maido shi. Ni tela ne. Wa ya taɓa jin kifi ya maido ɗiyar tela?"