Awon Auta

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe sufana ba. Manhajar waya yake rubutawa a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinkin gwaggonsa, shi da abokan aiki biyu da fanka mai ƙara. Yana da ra'ayi a kan komai, kuma ba ya jira a tambaye shi. A cewarsa, mai son kafa kamfani ya fara da mutum ɗaya mai matsala ta gaske, ya rabu da masu yi masa tafi. Gwanin manhaja kuwa, wai a yawan abin da ya share ake gane shi, don duk abin da ya maimaitu tarkace ne.

Mutum ɗayan nasa Gwaggo ce. Shekara talatin tana rubuta awon masu kawo ɗinki a littattafan da suka sha jiki. Ya yi ta lallashinta har ta yarda aka kwashe komai aka zuba a manhajar. Littattafan kuma da hannunsa ya kai su bola, yana ta washe baki.

Ranar wata Talata ya lura suna ɗaya yakan fito sau biyar, sau goma, kowanne da awo daban. Nan take ya rubuta wa manhajar umarni layi huɗu: a bar awon ƙarshe, a share tsofaffin. Bai ajiye kwafi ba. Har abokan aikin ya kira su ga yadda abin ya ƙara sauri.

Da la'asar sai ga Gwaggo ta hawo bene, abin da ciwon gwiwa ya daɗe da hana ta. Waya a hannu, tef ɗin awo a wuya. Ta ce ta buɗe sunan Auta, ta tarar da awo ɗaya kacal.

Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya tuna mai sunan. Auta 'yarta ce, bara ta rasu tana da shekara goma sha tara. Ashe tun tana rarrafe Gwaggo ke auna ta duk shekara.

"Kullum kafin in hau keken ɗinki nakan karanta daga sama, in ga tana girma," in ji Gwaggo a hankali. "Wanda ka bar min na rigar jinya ne, duk ta rame. Ɗana, ina sauran?"

Injiniya ya zuba wa kwamfutar ido. Layukan nan huɗu sun yi aiki daidai, ko kuskure ɗaya babu.