Kududdufin Bayan Layinmu

A bayan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi akwai wani kududdufi da na tarar tun ina amarya. Can ake kai duk sharar unguwa: leda, matattun kaji, ruwan wanki, har da abin da ba a faɗa. Da damina ba ma iya buɗe taga saboda wari da sauro.

Limamin masallacinmu ne ya fara maganar a karatun da yake yi bayan la'asar. Ya ce ƙasa amana ce a hannunmu, kuma wanda ya dasa itace yana samun lada ko tsuntsu ne ya ci. Maganar ta shiga mutane. Maza suka kafa kwamiti, suka ɗora wani Alhaji mai sayar da siminti da rodi a kan shugabanci. Su za su kwashe shara, mu matan Islamiyya mu yi dashe da ban ruwa.

Ranar farko muna tsaye cirko-cirko, sai ga maƙwabciyarmu da muke kira Mama, ɗauke da fartanya. 'Yar Filato ce, Kirista, malamar firamare da ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, tana haya a gidan da ya fi kowane kusa da kududdufin.

"Hajiya, ku ba ni wurina," ta ce da ni. "Mu ma a coci an koya mana Allah ya sa mutum a gona ne don ya kula da ita. Kuma warin nan a ɗakina yake kwana."

Muka yi dariya, muka matsa mata.

Aikin ba daɗi. Kwalba ta yanke ni a tafin ƙafa, wata a cikinmu ta kwanta zazzaɓi. Muka dasa darbejiya da tsamiya da maɗaci a gefen ruwa, muka zagaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Da rani ya tsananta, matan suka fara janyewa, kowa da uzurinta. Mama ce ba ta taɓa fashi ba. Kullum da safe za ka gan ta da bokiti, tana ɗingisa gwiwarta mai ciwo, tana bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Ni nakan fito in na sallami yara makaranta.

Bayan 'yan shekaru wurin ya zama abin kallo. Ruwan ya washe, bado ya fito, balbelu suna sauka da yamma. Direbobin adaidaita sahu sukan ajiye kekunansu a inuwa su yi sallar azahar. Sai Alhaji ya fara zuwa da baƙi cikin manyan motoci, suna nune-nune da hannu.

Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗi wai Mama ta kama wurin ne don a gina coci, wai itatuwan ma shaidar iyaka ce. Na fara jin maganar a wurin niƙa, kafin mako ya zagayo har yara suna yi mata waƙa. Matan da suka sha ci daga zogalen da take dafa mana suka daina amsa gaisuwarta. Na je na sami Liman da kaina. Ya saurare ni kansa a sunkuye, ya ce, "Hajiya, na san ƙarya ce. Na faɗa a zaman kwamiti, aka ce na tsufa." A watan aka kawo wani ya riƙa jan sallah.

Wata safiya Mama ta buga mini ƙofa, hannunta baƙi ƙirin. An bi itatuwan an tona gindinsu an zuba baƙin mai. Muka durƙusa muna kwashe ƙasar da hannu, muna zuba sabuwa, amma mai ya riga ya kai saiwa. Ganye ya yi ta zuba. Alhaji ya tara mutane ya ce tunda shukar ta mutu, kuma wurin ya zama abin fitina, gara a cike shi kowa ya huta.

Ranar da katafila ta zo, Mama ta fito da zanen gida ta tsaya a gefe. Alhaji yana zaune a kujerar roba, ana yi masa fifita.

"Alhaji, me na yi muku?" ta tambaye shi. "'Ya'yanku na koyar, wasu ma ga su nan a tsaye."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Mama, itace kike wa kuka? Ai naki ne. Ku kai mata, ta yi girki."

Aka kwashe da dariya. Samari suka jawo rassan suka jibge mata a ƙofar ɗaki, har sai da na kira mijina muka buɗe mata hanyar shiga. Ta zauna a bakin gado tana goge hannunta da zane.

Mai gidan da take haya ya ce ta tashi, ba ya son a ƙona masa gida. Ni na raka ta tashar Unguwa Uku. Daga layinmu gaba ɗaya babu wanda ya leƙo.

Shaguna aka jera a wurin, da dandamali mai tsawo. Da damina ta dawo, ruwa ya rasa inda zai tafi, ya shigo mana gidaje. Katangar wani direban adaidaita ta faɗa wa matarsa, ta karya mata ƙugu, har yau da sanda take tafiya. Alhaji ya zo jaje, yana tattare babbar rigarsa kada ta taɓa laka. Ya ce ruwa na Allah ne, a yi haƙuri. Mutane suka ce haka ne, suka raka shi har mota.