Na Janye Maganata, Na-Gangara

Mace ce, Na-Gangara. Ta sauka ranar Alhamis kafin azahar, lafiya lau ita da uwarta. Ta ɗauko hancinka, muryar kuwa ban san inda ta samo ta ba. Na so in fara da sallama yadda aka koya mana a aji, amma kai ne mutum na farko da ya kamata in gaya wa, kuma kai kaɗai ne ba ka nan.

Ga waɗanda labari bai kai gare su ba, Allah ya karɓi ran aminina kuma surukina, direban tasi da duk tasha ta sani da Na-Gangara, ranar Talata tara ga wannan wata, bayan jinyar kwana huɗu. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar da mota mai ƙofa huɗu wadda uku ne ke buɗuwa. Babban ɗansa ne ke auren autata. Kwana tara kacal ke tsakanin tafiyarsa da zuwan jikar da muka yi watanni muna jira tare.

Ni mai facin taya ne, shekara talatin da huɗu rumfata tana bakin tasha. Ina wannan rubutu bakina ya ƙi rufuwa don murna, idona kuma ya ƙi bushewa. Ban da haka, akwai maganar da na faɗa a kan mamacin a gaban mutane, kuma a gaban mutane ya kamata in janye ta. Zan zo kanta.

Abokina, ina da shekara hamsin da biyu lokacin da na shiga ajin yamma na manya. Kunya ta hana ni bin titi da littafi a hannu. Kai ka riƙa ɗaukata sau uku a mako har shekara uku, ka faka a bayan makaranta, duk wanda ya tambaye ka sai ka ce fasinja kake jira. Na roƙe ka ka shigo mu zauna tare, ka ce kai ka iya lambar mota da agogo, sun ishe ka rayuwa. Ranar da na fara karanta abu da kaina muna cikin motarka ne. Na ga allo a ƙofar gidan mai, na haɗa baƙaƙen a hankali, na ɗaga murya na ce, "Babu mai." Ka dube ni ka ce, "Shekara biyu ina kai ka makaranta don ka karanta mini abin da na riga na sani?" Amma na ga ka juyar da kai wajen taga kana goge ido.

Ba ka iya cewa a'a ba. Motarka ta kai marasa lafiya asibiti, ta kwaso gadaje, ta ɗauko ɗalibai da akwatunansu, ta taɓa ɗauko akuya da ta zauna a gaba kusa da kai kamar ta biya kuɗin kujera. Duk unguwa ta san in ƙofarka aka buga, an samu mota.

Sunan Na-Gangara kuwa ba daga gida ka zo da shi ba. Ƙarin kuɗin mai ne ya raɗa maka shi. Tun da aka fara ƙarin, da ka hau kan tudu sai ka kashe inji, ka cire giya, ka bar mota ta sauka da nauyinta. Babu gangarar garin nan da ba ka sani ba, har kakan bar gajeriyar hanya ka bi doguwa don ta fi gangara. Wata mata ta taɓa tambayarka, "Direba, motar ta mutu ne?" Ka ce, "A'a Hajiya, numfashi take mayarwa." Wani ma'aikaci da ya makara ya buɗe ƙofa ya sauka, ya riƙa tafiya da ƙafa a gefen mota, kuna ci gaba da hira ta taga, har ya ce maka zai wuce gaba ya jira ka. Ka kawo mini tayar ko-ta-kwana da jak ɗin ɗaga mota ka ce in ajiye maka, wai nauyinsu mai suke sha. Ka taɓa duban wani fasinja mai jiki ka ce, "Ranka ya daɗe, kai kaɗai fa lita guda ne." Ka ɗauke shi duk da haka, ba ka ƙara masa ko kaɗan ba.

Ƙarin da aka yi wata huɗu da suka wuce shi ne ya durƙusar da tasha. Direbobi suka dawo zama a rumfata, ba don faci ba, don inuwa. Ɗaya ya ce motarsa yanzu ta fi 'ya'yansa cin abinci mai tsada. Wani ya ce ya daina kallon fanfo idan ana zuba masa mai, don lambobin nan da ke gudu jiri suke sa shi. Fasinja ya shigo ya zagi direba kamar shi ya yanka farashin, direba ya koma gida ya huce a kan iyali. Kai kuwa ka kai motarka ƙofar gida, ka lulluɓe ta da tamfol, ka koma kira wa wasu fasinja a tasha, kai da ka koya wa rabinsu riƙe sitiyari.

Daga nan muka ga kamar ka canza. Duk wanda ya zo neman mota sai ka ɗage tamfol, ka murɗa makulli rabi, ka nuna masa allurar mai a kwance, ka ce, "Ka dai gani da idonka." Ni kaina na zo ranar da zan ɗauko injin iskata daga wajen gyara. Ka nuna mini allura. Na ce zan sayi lita biyu. Ka ce batir ya yi sanyi. Na ce za mu tura. Ka ce, "Tayoyin nan kai ka fi kowa saninsu, tafiyar da ta rage musu ba yawa." Na ɗauko injina a baro ina gumi, na yi mako biyu ban zauna kusa da kai ba.

Da ciwo ya kama ka, ɗanka ya ce zai sayo mai ya kai ka asibiti. Ka ce, "Wannan ciwon bai kai a ɗage tamfol ba." A babur ɗin maƙwabci aka kai ka. Likita ya gaya mana daga baya cewa zuciya ce, kuma babu motar da za ta canza abin da ya faru. Na rubuta wannan don kada wani cikin 'ya'yanka ya ɗora wa kansa. A gadon asibiti ka riƙe hannun ɗanka ka ce, "Motar a shirye take." Muka dubi juna, muka ce zafin zazzaɓi ne.

To ga maganar. Ranar da muka dawo daga kai ka makwancinka, ina zaune cikin direbobi sama da ashirin, na buɗe baki na ce, "Rowa ce ta kashe shi. Ya fi son motar nan da ransa." Baƙin ciki ne ya sa ni, amma na faɗa, kuma sun ji, kuma babu wanda ya musa. Maganar ta zaga tasha kafin magariba.

Ranar Alhamis da hantsi naƙuda ta taso wa autata. Muka fita titi neman tasi, babu ko ɗaya, duk suna layin mai. Babura ne kawai ke wucewa, ita kuwa ko tsayuwa ba ta iya yi. Ɗanka ya yaye tamfol, muka sa ta a baya tare da uwarta. Ya murɗa makulli rabi, allura ba ta motsa ba. Na ce, "Tayar mana, ko ɗigo ne ya kai mu gidan mai." Ya ce, "Baba ya hana. Ba a tayar da mota tanki a bushe, datti za ta zuƙa ta toshe, mu rasa duka." Na san dokarka ce, na ji ka faɗa wa masu koyo sau ɗari. Ban yi gardama ba. Na tattare riga na sa kafaɗa.

Gidan mai bai da nisa, amma hawa ne. Ni da wanzami da mai shagon kusurwa muna turawa, ɗanka ya buɗe ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, ƙafa biyu a ƙasa. Wanzami yana haki ya ce, "Duk gangarar da marigayi ya ci a rayuwa, yau mu ake sa wa biya." Mai shago ya ce, "Ni ban taɓa tura mota mai nauyin wannan ba." Matata ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, turawa kuke ko jingina kuka yi?"

Layin ya kai har bayan masallaci. Muka bi gefensa, masu layi suka taso mana. Wani ya fito da kai ya ce, "Dattijo, mu da muke nan tun asuba itatuwa ne?" Wani ya ce ko gawa muka ɗauko sai mun bi layi. Sai autata ta saki wata ƙara daga baya. Wanda ya ce ko gawa ce shi ya fara fitowa ya sa hannu a bayan motar. Kafin in ankara mutum goma ne ke turawa, ni kuma ina biye da su a baya ina neman takalmina.

Matar da ke kan fanfo ta buɗe murfin tanki ta zura bututu. Ko ƙirga uku ban yi ba mai ya yi tsalle ya dawo waje, ya wanke mini wando har gwiwa. Ta sake gwadawa a hankali, ya sake dawowa. Ta sunkuya ta leƙa, ta dubi lambar motar, ta dube mu. Ta ce, "Wannan ba motar Baba mai jarka ba ce? Ai cike take har wuya. Kusan wata huɗu kullum da sassafe yana zuwa da 'yar jarka a cikin buhu, wata rana lita ɗaya, wata rana rabi. Na ce masa Baba, wannan ai ko kasuwa ba za ta kai ka ba. Ya ce ba tasa ba ce, ta jikan da yake jira ce, kuma in na gaya wa kowa ba zai sake gaishe ni ba. Ina yake, kwana biyu ban gan shi ba?"

Sai wani bakanike da ke cikin layin ya sunkuyar da kai ya ce shi ka sa ya cire wayar allurar. Ka ce masa in dai mutane suka ga tana motsi za su zo, in suka zo kuma ba za ka iya hana su ba. Muna tsaye cirko-cirko, mutum goma sha wani abu, mun tura cikakken tanki hawa guda zuwa gidan mai, kowa yana kallon tankin. Sai autata ta ce daga baya, "Baba, in kun gama kallon tankin, ni fa ban gama nawa ba."

Murɗawa ɗaya motar ta tashi. Masu layi suka buɗe mana hanya suna buga hon. Da muka kai kan tudun asibiti na ga hannun ɗanka ya tafi wajen makulli da kansa, zai kashe inji. Na make hannun na ce, "Yau ba ranar gadon halin babanka ba ce, taka totur." Ba mu yi rabin awa da isa ba ungozoma ta fito tana murmushi.

Na ɗauke ta, Na-Gangara. Tana warin jarirai, ni ina warin fetur. Da kana nan da yanzu muna faɗa a kan wanda za ta zaɓa cikinmu, ka ce ai kai mai mota ne, in ce motar da sai an tura. Ka bar mini fili ba hamayya, amma ba haka na so in ci ba.

Saboda haka na janye maganata. Mutumin da na kira marowaci ya yi wata huɗu yana tafiya da ƙafa, yana shan baƙar magana daga wajen amininsa, yana tara wa wadda bai taɓa gani ba mai, lita bayan lita, a lokacin da kowa ke kukan rabin lita. Ka yafe mini, abokina. Na yi shekara talatin ina gano ƙaramar huda a taya, ban gano abin da ke gabana ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa duk wanda ka taɓa ɗauka kyauta ya zama shaida a gare ka. Allah ya sauƙaƙa maka hanyar da ke gabanka, ya sa babu hawa a cikinta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi kuka sau biyu a mako biyu, na biyun da jika a cinya, da 'ya'yanka biyar, da 'yan'uwanka, da direbobin tasha baki ɗaya, Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya kawo musu sauƙin abin da suke ciki. Haka kuma matar kan fanfo, wadda a bakinmu ta ji rasuwar, ta zauna a ƙasa bututu a hannunta.

Ku kuma da kuka ji na faɗi waccan magana, na san ba dukanku ke karatu ba, don haka rubutu kaɗai bai isa ba. Ku zo gidan marigayi, na uku bayan shagon wanzami. Ina nan zaune a ƙofa kullum daga la'asar. Kowa ya zo zan maimaita masa wannan da bakina, sannan in shiga in fito da jaririyar. Ku zo ku gan ta.