Daron Uwata a Hancin Jirgi

Tsakiyar damina ce, shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa har doya ta soma ruɓewa a gona. Duk wanda ka gamu da shi a kasuwar Lafiya fuskarsa a ɗaure take. Mu kuwa a gidanmu jirgin sama ake ƙerawa.

Maigidana ya je yaƙin Bama a zamanin Turawa. Aikinsa a can wanke jirage ne da miƙa wa makanikai sifana, amma ya dawo da abin a ransa. Ya samo injin tsohon babur, ya haɗa jikin jirgin da katako da gora a bayan gida, ya lulluɓe fukafukan da akoko. Maƙwabta suka sa masa suna Direban Sama. Ni ban taɓa yi masa dariya ba. Tuwo nake kai masa, in kwashe kwano in dawo.

Saura murfin inji, wato hancin jirgin. Ya ce sai farin ƙarfe marar nauyi, kuma bai ga mai faɗin da yake so ba sai daron da uwata ta ba ni kafin ta rasu. A kanta ta ɗauko shi tun daga Agyaragu. A cikinsa na yi wa 'ya'yana uku wanka, ga na huɗu yana wata biyar.

"Aro ne," in ji shi.

"Maigida, ana yanka abin aro?"

"Ke ba ki san sama ba. Ranar da ya tashi, ai uwarki ce a gaba."

Kwana uku yana wannan magana. A na huɗu na zubar da ruwan da ke ciki na miƙa masa.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, na iya rubuta lamba. Na ce wa maigida bari in aro tef wurin tela, shi ya auna, ni kuma in rubuta. Ya kwashe da dariya.

"Malama ta iso! Ubana da igiyar fata ya yi awo har ya mutu."

Ya yanko igiya daga ɗanyar fatar akuya, ya zagaya injin da ita, ya ƙulla ƙulli a inda ta haɗu, ya rataye a darni. Da hadari ya taso na kwashe shanya, na haɗa da ita na rataye a saman murhu don kada ta lalace. Kwana biyu ana ruwa tana shan zafi.

Da ita ya yi awo a jikin daron. Ya datse bakinsa, ya fafe gindinsa inda farfela za ta fito. Ya rarake kututturen ɗorawa, ya sa daron a ramin, yana bugawa da guduma da ya naɗe wa tsumma, daga baki zuwa ciki. In ƙarfen ya yi tauri sai ya shafa masa sabulu, ya ɗora a gawayi har sabulun ya yi baƙi, ya bari ya huce, ya ci gaba. Kowane bugu ina jinsa daga ɗaki. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau.

Ranar sawa maƙwabta suka cika bayan gida. Ya ɗora, ya ƙi shiga. Saura kamar yatsa uku. Ya danna, ya juya, ya sa guduma don ya buɗa bakin, sai ƙarfen ya tsage har tsakiya.

"Direba, hular ta yi wa yaron kaɗan!" in ji wani dattijo mai sayar da gishirin Awe.

Maigidana ya ɗauko igiyar ya sansana. Ta bushe ta ƙanƙance, sai warin hayaƙi.

"Wa ya kai wannan kan wuta?"

"Ni ce. Ruwa ne zai dake ta."

"Kin kashe min jirgi."

A gaban mutane ya faɗa. Suka yi ta ba shi haƙuri, wani har yana dafa kafaɗarsa. Jirgi, jirgi, kowa jirgi. Ko mutum ɗaya bai ce daron waye ba, kuma maigidana shi ma har ya bar duniya bai ce ba.

Washegari da safe na ɗumama ruwa, na zuba a ƙwaryar da nake wanke gero, na zaunar da jaririn a ciki. Ƙafafunsa suna waje, yana ta tsala kuka don sanyi. Na cuɗa shi da sauri, na goya shi, na ɗora koko a wuta.